Wayar Da Lurwanu Ya Ƙi Jonawa

Ni ne sakataren kwamitin, saboda haka abin da zan faɗa game da Malam Lurwanu Gafasa ba a bakin wani na ji shi ba. A gabana aka yi, kuma da hannuna a ciki. Sunana Abdulsalam, tsohon malamin firamare ne ni a Gaya, kuma har yau idan na tuna abin da muka yi wa mutumin nan sai in ji raina ya ɓaci.

Lurwanu ɗan Malam Mu'az ne na Gafasa, a ƙasar Ajingi. Gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Ya sauke Alƙur'ani, ya fara littattafai, amma da ya kai shekara ashirin sai ya bar wa yayansa makarantar ya tafi Kano. Can ya samu shiga wata masaƙa, ɓangaren wuta, ya yi shekara goma sha shida yana jan waya yana gyaran manyan injuna. Da masaƙar ta rufe ya tattaro kayan aikinsa ya dawo, ya kama ɗan shago kusa da tasha a Gaya. Da damina yana noma gero da gyaɗa a Gafasa, da rani yana wayarin gidaje da masallatai da injin rijiyar burtsatse. Lokacin da wannan abu ya faru ya ba wa hamsin baya.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Ko firij aka kira shi ya duba, ba zai taɓa komai ba sai ya juya bayansa, ya sa tabarau, ya karanta ɗan ƙarfen da aka liƙa mai lambobi. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Yakan ce kowane inji yana faɗin abin da yake ci, mutane ne ba sa tambayarsa. Masu gaggawa ba sa son aiki da shi, don ba ya jona siririyar waya inda ya kamata a sa mai kauri, ko da mai gida ya ce ya ji ya gani.

Shekara biyu da suka wuce wata gidauniya ta zo da shawara mai kyau. A gidajen malaman Gaya da Ajingi akwai tsofaffin littattafai na rubutun hannu, wasu gara ta fara ci, wasu tawadar ta dushe. Aka ce za a ɗauki hoton kowane shafi a adana a na'ura, a mayar wa kowa da littafinsa. Muka kafa kwamiti, Alhaji Mus'ab ya zama shugaba, ya kuma ba da ɗaki a wani gininsa. Aka ɗauki Haulat, 'yar garin nan da ta karanta kwamfuta, ita za ta riƙa ɗaukar hotunan tana lura da na'urar.

A watan Mayu motar ta iso. Ƙarti shida ne suka sauke abin. Kabad ne na ƙarfe, baƙi, ya fi ni tsawo, mai ƙofar raga gaba da baya, cikinsa hawa-hawa. Rak suke ce masa. A ciki aka jera akwatunan ajiya guda biyu, kowanne da faya-fayai goma sha biyu inda hotunan za su zauna, sai babbar kwamfuta, sai akwatin batir a can ƙasa mai riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke. Wanda gidauniyar ta ba wa aikin kafawa shi ne Injiniya Kamalu, matashi daga Kano, mai fara'a da saurin baki. Ya san kwamfuta, wannan ba na musa masa. Ni na kawo masa Lurwanu don ya yi wayarin ɗakin.

“Baba, aikinka ba yawa,” in ji Kamalu, yana nuna wani naɗin waya a ƙasa. “Ka ja daga soket ɗin bango ka kawo bayan rak, ka ƙara ɗaya ta sama saboda esi. Jibi nake son tayar da shi.”

Lurwanu ya zagaya bayan rak ɗin ya tsuguna, ya sa tabarau, ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana rubutu da fensir a kan yagaggen kwali. Ya je ya leƙa esin, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ke cikin kwalinsa. Sannan ya ɗauki bakin wayar ya murza tsakanin yatsunsa.

“Injiniya, wannan wayar fitila ce,” ya ce. “Kaurinta ɗaya da rabi ne. Akwatunan nan kowanne amfiya huɗu yake ja. Babbar kwamfuta uku. Batir in yana caji uku. Esi takwas, kuma lokacin tashinsa ya fi haka. Ashirin da biyu ke nan. Wayar nan, a cikin bango, a zafin Gaya, in ta ɗauki sha biyar ta yi ƙoƙari.”

Amfiya ita ce ma'aunin wutar da inji ke ja. Kowace waya tana da iyakar abin da za ta ɗauka, in aka wuce sai ta fara zafi. Wannan ko ni da ban san wuta ba na fahimta a take.

Lurwanu ya ɗago igiyoyin bayan akwati ɗaya. “Kuma duba nan. Kowanne igiyar wuta biyu gare shi. Ba ado ba ne. Wanda ya ƙera shi so yake ɗaya ta sha daga wani layi, ɗayar daga wani layin dabam, in wannan ya mutu wancan ya riƙe. In ka cusa su a soket ɗaya, ai igiya ɗaya gare ka.”

Ya faɗi abin da ya kamata. A ja waya mai kauri, mai lamba shida, tun daga mita. Rak ya samu layi biyu, ɗaya daga wutar gari da janareta, ɗaya daga sola, kowanne da birekarsa, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa. Esi ya tafi a layinsa shi kaɗai. A kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa a ɗaure jikin rak ɗin da ita. Ya ce aikin kwana biyar ne, kuma sai an sayo wayar a Kano.

Kamalu ya yi dariya. “Baba, wannan fa ba injin markaɗe ba ne. Na'urar zamani ce, ba ta cin wuta. Wace makaranta ka yi?”

“Masaƙa. Shekara sha shida.”

“To, ai ita ma ka ga ta rufe.”

Lurwanu ya naɗe kwalinsa ya sa a aljihu.

Washegari ya zo zaman kwamiti da kwalin. Matsalar ita ce an riga an sa ranar Asabar don bikin buɗewa, an raba katin gayyata, an kama rumfuna da kujeru. Lurwanu ya tsaya ya maimaita lissafinsa a gaban mutum bakwai. Alhaji Mus'ab ya saurara yana jan carbi.

“Malam Lurwanu, mun ji,” ya ce. “Amma mai takardar abin ya yi magana. Ba za mu ce wa baƙi su koma ba saboda kaurin waya.”

“Alhaji, littattafan mutane za a zuba a ciki.”

“Allah zai tsare.”

“Zai tsare, ranka ya daɗe. Shi ne kuma ya ba mu hankalin da za mu auna waya.”

Ina cikin rubuta abin da ake faɗa, sai Alhaji ya juyo gare ni. “Sakatare, wannan ba sai ya shiga rubutu ba. Kada mutanen gidauniya su gani su ce kanmu a rabe yake.” Na ɗaga birona daga kan takarda. Ba wanda ya tilasta ni. Ɗagawa kawai na yi.

Lurwanu ya sa fitilu biyu da fanka a ɗakin, ya mayar wa Kamalu sauran naɗin. A bakin ƙofa ya ce da mu, “Fitila na yi, fanka na yi. Rak ban taɓa ba, esi ban taɓa ba. Ku shaida.” Kamalu ya naɗe hannun riga ya ja wayar da kansa. Duk igiyoyin rak ɗin ya jera su a doguwar soket mai baki shida, irin wadda ake cajin wayar hannu da ita, ya tura ta bayan kabad ɗin inda ido ba ya kaiwa.

Ranar Asabar aka danna makunni, ƙananan fitilu kore suka jeru suna ƙiftawa, aka yi tafi. Na'ura ta yi aiki. Ta yi sati, ta yi wata. Mu kuwa muka samu abin zolaya. In Lurwanu ya wuce majalisarmu a kan babur sai wani ya ɗaga murya, “Amfiya ashirin da biyu, a sauka lafiya!” Har da ni ake dariyar. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne damina ce, gari da sanyi-sanyi, esi bai cika tashi ba, kuma akwati ɗaya kaɗai, na ƙasa, aka kunna don hotunan ba su yi yawa ba tukuna.

Cikin waɗanda suka fara kawo littattafai akwai Malama Juwairiyya ta Kademi, dattijuwa mai koyar da matan aure a gidanta. Ta zo da adakar mahaifinta, littafi goma sha ɗaya, duk da hannunsa ya rubuta, har da waƙoƙin wa'azi da shi ya tsara. Ba ta yarda ta bar su ba. Kullum sai ta zo ta zauna kusa da Haulat, ita take buɗe kowane shafi da kanta. Da aka gama ta koma da adakarta. A watan Agusta aka yi ruwa kwana biyu ba ƙaƙƙautawa, ɗakin da adakar take ya rufta. Da aka tono ta, takardun sun zama dunƙulen laka da tawada. Mun je mata jaje, ita ce ma take ba mu haƙuri. “Alhamdulillahi da aka ɗauki hoton,” ta ce. “Suna nan a Gaya.”

Da bazara ta shigo aka kunna akwati na biyu, esi kuma ya koma aiki tun safe har yamma. Bireka ta fara yanke wuta, sau biyu, sau uku a yini. Haulat ta aika wa Kamalu saƙo. Ya zo, ya cire birekar ya sa wata babba, ya ce an gama. Daga ranar ba ta sake yankewa ba. Amma hankalin Haulat bai kwanta ba, don tana jin wani ɗan ƙauri idan rana ta take. Ta biya shagon Lurwanu ta gaya masa.

Ya zo ya ɗora tafin hannunsa a bango, daidai inda wayar ta bi, ya janye da sauri. Ya buɗe akwatin bireka ya karanta lambar.

“Amfiya sittin da uku,” ya ce. “Wa ya sa wannan?”

“Injiniya ne, Baba.”

“Waccan da take yankewa gaya muku take yi waya ta gaji. Wannan kuwa sai ginin ya ƙone ba ta motsa ba. Akwai wani wuri da aka ajiye hotunan nan bayan nan?”

“An ce sai ƙarshen shekara za a kwafa a kai wani wuri.”

Daga nan gidana ya wuto. Ya same ni a zaure, ko zama bai yi ba. Ya ce in gaya wa Alhaji a kashe na'urar yau, a kawo waya, shi zai yi aikin. Na ce zan gaya masa. Na kuwa gaya masa, amma da sigar raha, na ce mutumin amfiya ya dawo. Alhaji ya yi murmushi ya ce a bari Injiniya ya zo bayan salla. Haulat ta sake aika wa Kamalu saƙo, ya amsa mata cewa ta daina sauraron masu wayarin ƙauye.

Ranar wata Talata, bayan azahar, kwana tara da zuwan Lurwanu gidana, Haulat tana ɗaukar hoto sai ta ji ƙara kamar an fasa kwalba a bayan rak. Hayaƙi baƙi ya turnuƙe. Ta rungumi littafin da ke gabanta ta fito tana salati, ta kira Lurwanu. Kafin in iso mutane sun taru da bokitai. Lurwanu ya jefar da babur ɗinsa a tsakiyar hanya, ya fizge fis ɗin mita, ya zo ya tare ƙofa da jikinsa.

“Kada wanda ya watsa ruwa! Wanda ya watsa ruwa ya gama da littattafan! Yashi za ku kawo!”

Ya ɗaure hanci da hularsa ya shiga. Doguwar soket ɗin ta narke, wuta ta kama akwatin batir tana lasar akwatin ajiya na ƙasa. Da hannunsa na dama ya fizge igiyoyin, robar da ta narke ta manne masa a tafi da yatsu. Aka riƙa miƙa masa yashi yana zubawa har wutar ta mutu. Da ya fito ya zauna a ƙasa yana tari. A keke mai ƙafa uku aka kai shi asibiti.

Kamalu ya zo bayan kwana biyu, ya ɗauki hotuna, ya koma. Bayan sati rahotonsa ya iso, shafi uku da Turanci, kwafi ɗaya gare mu, ɗaya ga gidauniya. Ya rubuta cewa gobarar ta tashi ne daga wayarin marar inganci da wani mai gyaran wuta na gari ya yi a ɗakin. Bai ambaci doguwar soket ba. Bai ambaci birekar da ya canza ba. Ni aka ba wa in fassara wa kwamiti, na kuwa tashi na karanta shi da Hausa tiryan-tiryan. Mutum bakwai ne a wurin, duk sun ji lokacin da Lurwanu ya ce mu shaida. Babu wanda ya buɗe baki. Alhaji ya ce a bar maganar haka, in aka tsananta gidauniya za ta janye, garin ne zai yi asara.

Kafin Juma'a labari ya gama Gaya da Ajingi. Mutumin da ya shiga wuta da hannunsa shi ne ya zama wanda ya ƙona littattafan malamai. Wani masallaci a Ajingi da aka riga aka ba shi wayarinsa aka aiko cewa ya dakata. Masu injin ban-ruwa da suka shekara goma suna kiransa suka koma wa wani. A Gafasa, yayansa mai riƙe da makarantar gidansu ya ce masa ya ja wa sunan mahaifinsu abin kunya. Wannan ce ta fi yi masa ciwo, matarsa Bilki ce ta gaya wa tawa. Shi kuwa yana zaune a shago da hannu a naɗe, ba ya bin kowa da bayani.

Na yi ta kauce wa hanyar tasha, amma wata rana muka yi kiciɓis a bakin masallaci. Ya dube ni.

“Malam Abdulsalam, an ce ka iya fassara,” ya ce. “An ce ko tuntuɓe ba ka yi ba.”

Ya sa takalminsa ya tafi.

Bayan sati uku Malama Juwairiyya ta sauka a ƙofar gidana daga Kademi. Ta ce in raka ta wurin wanda ya yi wannan aiki, tana so ta gan shi da idonta. Na so in kawo uzuri, ta ce keke na jira. Muka same shi yana ƙoƙarin fere waya da hannun hagu. Ya miƙe ya gaishe ta, ya ba ta kujera. Ba ta zauna ba.

“Ɗan Malam Mu'az,” ta ce, “mahaifinka a zauren mahaifina ya yi karatu. Ruwa ya ci takardun ban yi kuka ba, na ce suna Gaya. Yanzu an ce su ma babu tabbas. Me muka yi maka da za ka yi mana aikin ganganci?”

Lurwanu ya jawo wata leda daga ƙarƙashin tebur ya zazzage. Guntun waya ne da ya ƙone, siriri kamar tsinken tsintsiya, da narkakkiyar soket. Ya yanko wata waya mai kauri daga bango ya ajiye kusa da su.

“Malama, wannan na ce a sa. Wannan aka sa. Ban ja ta ba, ban jona ta ba. Na faɗa a gaban kwamiti, na faɗa a ƙofar ɗakin, na je har gida na faɗa saura kwana tara.” Ya dube ta. “Shekara talatin ina wannan aiki, ko kwan fitila bai taɓa fashewa ta dalilina ba. Littafin malamin mahaifina ne zan ƙona? Ga sakatare nan. Tambaye shi.”

Ta juyo gare ni. Shekarata talatin da biyar ina tsayawa gaban aji, ban taɓa jin nauyin ido irin na ranar ba.

“Malam Abdulsalam, tsakaninka da Allah.”

Na faɗa mata komai, tun daga kwalin lissafi har zuwa biron da na ɗaga. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, “Kai da aka ba amanar rubutu.” Iyakar abin da ta ce mini ke nan. Sannan ta zauna a kujerar, ta dubi hannun Lurwanu, ta ce ya yafe mata.

Ita ce ta tilasta aka kira zama. Mace ba ta taɓa zama a kwamitinmu ba, amma babu wanda ya iya ce mata ta jira a waje. Haulat ta karanta saƙonnin da ta aika wa Kamalu da amsoshinsa, kowanne da ranarsa. Na tashi na faɗi abin da na ƙi rubutawa. Alhaji Mus'ab ya ce duk an ji, a yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce.

“Bai wuce ba, Alhaji,” in ji Malama. “Mutum yana zaune da ƙonannen hannu ana kiransa maƙoni. Ku bakwai kun san gaskiya kuka bar shi. In ba za ku rubuta wa gidauniya ba, ni zan rubuta da ajami, su nemi mai karanta musu.”

Ni na rubuta wasiƙar. Mu uku muka sa hannu, ni da ita da Haulat. Sauran suka ce a ba su lokaci su yi tunani, kuma har yau suna tunanin. An kira Kamalu bai ɗauka ba.

Gidauniyar ta turo wata injiniya, Khaula, mace marar yawan magana. Ta kwana biyu tana bincike. Ita ma bayan akwatunan ta fara zagayawa tana karanta lambobi, kuma abin da ta samu bai bambanta da na Lurwanu ba. Ta ce rashin ruwan da aka watsa shi ya ceci akwatin sama, duk abin da ke cikinsa yana nan. Na ƙasa kuwa zafi ya kashe faya-fayai da dama. Waɗanda littattafansu ke gida an sake ɗaukar hotonsu. Na Malama Juwairiyya babu inda za a sake ɗauka. Cikin goma sha ɗaya, huɗu suka dawo cikakku, uku rabi-rabi, huɗu sun tafi, har da na waƙoƙin.

Khaula ta tambaya wa zai iya yin wayarin yadda ya kamata. Haulat ta kai ta shagon. Lurwanu ya ce zai yi, saboda littattafan, ba saboda kwamiti ba. Ya ja waya mai lamba shida tun daga mita, ya raba layi biyu, ya ba esi nasa, ya kafa sandar jan ƙarfe a bayan ɗakin, ya liƙa wa kowace igiya takarda mai faɗin inda ta fito. Ya ce kwana biyar a da, amma da hannu ɗaya da rabi sai da ya yi takwas. Khaula ba ta tafi ba sai da ta kwafi komai a wasu faya-fayan ta tafi da su.

Kada a ɗauka an wanke shi. Gidauniyar ta rubuto layi biyu tana nadamar rashin fahimtar da aka samu, ba ta ambaci sunansa ba, ba ta janye rahoton ba. Yana nan a fayil ɗinsu, da sa hannu da hatimi. Kamalu, in ji masu zuwa Kano, yana nan yana karɓar ayyuka. Alhaji Mus'ab bai taɓa tsayawa a gaban jama'a ya ce mun yi kuskure ba. Ni na bi majalisu ina faɗa, na je Ajingi, na je wurin yayansa a Gafasa. Wasu sun karɓa. Wasu sukan ce, “To, amma dai ai an ce akwai takarda.” Ƙaryar kwana uku ta yi ta gama ƙasar nan, ni kuwa shekara guda ke nan ina binta a ƙafa ban cim mata ba. Yatsunsa biyu na dama sun sandare, ba sa lanƙwasuwa. Aikin da yake yi a yini ɗaya yanzu sai ya kwana biyu.

Da kakar bana na hau babur na same shi a gonarsa ta Gafasa yana cirar gyaɗa. Na yi ta zagaye-zagaye, na tambayi amfanin gona, na tambayi iyali, sannan na ce masa na zo neman gafara ne.

Ya karkaɗe ƙasa daga wani tushe ya jefa kan tari.

“Na yafe maka, Malam Abdulsalam. Tun ranar da ka faɗa wa Malama gaskiya.”

“Alhaji fa? Da Kamalu?”

“Ba su nema ba.”

Ya miƙe ya dafa ƙugu, ya dubi sauran kunyoyin da ba a taɓa ba, ya ce tunda na zo, in cire babbar riga in kama masa layi biyu kafin la'asar. Na cire na rataye a reshen gawo, na sunkuya.